Hasibar da Yaya Ya Saya Mini

Asabar, 8 ga Oktoba 2011, bayan Magariba

Yau muka sayo na'urar lissafin jarrabawa, ni da Maman Lawali, abokin aikina kuma abokin karatuna. Can Yamai kalkilatiris muke ce mata, nan Jidda kowa hasiba yake cewa, har bakina ya saba.

Dokar masu jarrabawar a fili take: ba a shiga da wadda ke ajiye rubutu, ba a shiga da mai zane a fuskarta. Mun zaga shagunan Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, Maman Lawali yana ƙwanƙwasa kowace kamar mai zaɓen kankana. Ni abin da na nema kaɗan ne. Ta nuna mini abin da na danna a layin sama, amsa a ƙasa, don in riƙa kama kuskurena. Ta iya lissafin kusurwa na wutar lantarki ba sai na bi doguwar hanya ba. Ta ci rana, ta kuma ci batir. Muka samu wata 'yar ƙarama mai ruwan toka, muka ɗauki iri ɗaya. Na kankare harafin sunana a bayan tawa da makulli.

Kafili, ubangidana mai riƙe da takarduna, ya sake faɗa da safe: in na kawo lasisin injiniya, muhandis a bakinsu, zai canza mini sana'a a iƙama, katin zamana a ƙasar nan, ya ba ni sashen wuta na masana'antarmu. Tun zuwana iƙamar nan fanni take ce mini, wato mai gyara, alhali takardar digirina tana cikin akwati ƙarƙashin gado.

Luba matata ta ɗauki hasibar ta jujjuya, ta ce, "Wannan 'yar abar ce za ta mai da kai muhandis, Abu Aissa?" Na ce ita ce. Ta yi dariya.

Talata, 11 ga Oktoba, bayan Isha

Mun ci abinci a unguwar Ammariyya, gidan Hajiya mahaifiyar Luba. Ana shan shayi sai ga Yaya Abdulghani, babban wan Luba, da kwali a leda.

Ya ce, "Ya Nomau, an ce mini ka sayo hasibar 'yan makaranta. Ma yisir, ba zai yiwu ba. Buɗe wannan."

Na buɗe. Babba ce, baƙa, fuskarta mai faɗi, tana zana layi da hoto. Kallo ɗaya na yi mata na san ba a shiga da irinta.

Ya ce, "Na gaya wa mai shagon, wannan ta muhandis ce, duk abin da suke buƙata ka zuba masa a ciki. Sai da ya yini yana zubawa."

Yaya direban babbar mota ne a tashar jiragen ruwa, bai san dokar jarrabawa ba, ina zai san ta. Kuma shi ne ya tsaya mini lokacin da dangi suka ce ba za a ba baƙo ɗan Nijar Luba ba. Shi ya ce, yaron nan yana da ilimi, ku bari ku gani.

Hajiya ta ɗora hannu a kan kwalin ta yi addu'a mai tsawo. Kowa ya shafa. Magana ɗaya ce ya kamata in faɗa a lokacin, gajeriya. Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Yaya."

Alhamis, 13 ga Oktoba, da hantsi

Babu aiki. Luba ta fita da 'yarmu Aissa asibiti rigakafi.

Na kunna baƙar don in gani kawai. Mai shagon bai yi wasa ba. Komai yana ciki, babi babi. Har dokokin zafi da tururi, waɗanda nake haddacewa da dare su gudu da safe. Ni mutumin wuta ne, amma zaman safe na jarrabawar kowane fanni ake taɓawa, kuma nan ne nake faɗuwa duk gwajin da muka yi da Maman Lawali.

Na kashe ta, na mai da ita kwali, na tura can bayan kabad. Na koma kan ƙarama. Babban yatsana ya fara sanin gidan kowane maɓalli ba sai na duba ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba, bayan La'asar

Na sake sauko da kwalin. Ban daɗe ba.

Laraba, 19 ga Oktoba, bayan Magariba

Gobe ne. Yaya ya bugo, ya ce shi zai kai ni ya kuma ɗauko ni, ya riga ya nemi hutu. Na ce ba sai ya wahala ba. Ya ce, "Halas, na gama magana."

Luba ta goge mini kwat, don an ce mukayyif ɗin zauren, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana da sanyi sosai. Na sa wa ƙarama sabon batir. Fensir, iƙama, katin shiga.

Zan bar waccan a gida. In Yaya ya tambaya in ce na manta.

Alhamis, 20 ga Oktoba, bayan Isha

Na dawo. Sun tambaya, na ce alhamdu lillahi.

Juma'a, 21 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Akwai wani ƙaramin masallaci bayan ginin da aka yi jarrabawar. Yana da sanyi, babu kowa tsakanin Azahar da La'asar sai wani tsoho mai shara. Nan na zauna jiya har lokacin tashi ya yi. Da na ga mutane sun fara fitowa sai na zagayo na shiga cikinsu, na tsaya inda muka yi da Yaya.

Ya zo da ruwan mangwaro mai sanyi. Ya ce, "Yaya hasibar? Ta yi aiki?" Na ce ta yi. Ya bugi sitiyari yana dariya.

Maman Lawali ya kira jiya, ya kira yau. Ban ɗauka ba.

Liman ya yi huɗuba a kan kwanakin Hajji masu zuwa. Ban ɗago kai ba har aka idar.

Asabar, 22 ga Oktoba, bayan Magariba

Ba yadda za a yi in kauce wa Maman Lawali a wurin aiki. Ya same ni a bayan ɗakin janareto lokacin cin abinci, ya zauna a kan gangar waya, ya ajiye kwanonsa bai buɗe ba.

Ya ce, "Nomau, na ga lokacin da muraƙib, mai sa ido a zauren, ya zo ya kwashe takardunka daga tebur. Kai ban gan ka ba. Me ya faru?"

Na ba shi labarin baƙar hasibar. Na ce da safe Yaya ya shigo har falo, ya ce ina take, Luba ta sauko da kwalin da hannunta. Dole na sa ta a aljihun kwat na ciki.

"To, a ƙofa ai sun ce kowa ya zuba komai a jaka."

"Na zuba. Waya, agogo, walat."

"Ita fa?"

Na ce na manta da ita.

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "A ina suka gan ta?"

"A bakin bayi."

"A kashe?"

Na ce muraƙib ɗin ya ce a kunne take. Na ce abu yana iya kunna kansa a aljihu, in mutum ya sunkuya ko ya jingina da bango.

Maman Lawali ya ce, "Haka ne, yana yiwuwa." Ya buɗe kwanonsa ya turo mini. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Masu jarrabawar sun riƙe hasibar. Sun ce lajna, wato kwamitinsu, za ta zauna bayan hutun Hajji, za a kira ni in yi bayani.

Litinin, 24 ga Oktoba, da asuba

Abu yana iya kunna kansa a aljihu.

Laraba, 26 ga Oktoba, bayan Isha

Kafili ya wuce ta sashenmu, ya dafa kafaɗata gaban ma'aikata, ya ce wa wani baƙo, "Ga muhandis ɗinmu na gobe." Hannuna yana cikin akwatin fis, na bar shi a can har suka wuce.

Luba ta yi shinkafa da kifi irin yadda nake so. Na ci loma kaɗan. Ta ce, "Esh fik? Ciwo ne?" Na ce gajiya ce. Ta ce jarrabawa ta wuce ai, gajiyar me kuma. Na ɗauki Aissa na fita da ita bakin titi.

Asabar, 29 ga Oktoba, bayan La'asar

Ƙarama tana kan tebur inda na ajiye ta ran da na dawo. Ba ta yi mini laifin komai ba. Na gama kusan rabin tambayoyin safe da ita, kuma na san daidai na yi su. Da na tsallake na zafi da tururi, na ci gaba, wataƙila da na haye. Yau na zauna na lissafa, da na haye.

Talata, 1 ga Nuwamba, bayan Magariba

Yaya ya tambaya ko zan ara wa babban ɗansa hasibar ya gani. Na ce na bar ta a wurin aiki.

Ƙarya ba ta yi mini wuya yanzu. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, ranar Salla, bayan Isha

Gidan Hajiya cike. Dangi daga Makka, daga unguwarmu Hindawiyya, yara suna Larabci suna amsa Hausa da kai. Hajiya ta sa aka kira ni ɓangaren mata, na durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce wa ƙawayenta, "Mijin Luba ke nan, muhandis. Sakamako kawai muke jira." Wata tsohuwa ta ce in zo in duba mata mitar gidanta. Na ce to.

Maman Lawali ya zo gaisuwar Salla, don ba shi da kowa a nan, kowace shekara tare muke ci. Ana gasa hanta Yaya ya fara ba mutane labarin hasibar, yadda ya zaɓe ta, yadda mai shago ya cika ta. Ya juya ya ce wa Maman Lawali, "Kai da wace ka shiga, ya akhi?" Maman Lawali ya ce da ƙarama. Yaya ya ce, "Miskin."

Daga baya na hango su biyu a bakin mota suna magana. Maman Lawali ne ke magana, Yaya ya tsaya da tsinken nama a hannu.

Litinin, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Yaya ya zo tun kafin mu karya. Bai hau ba, ya bugo ya ce in sauko.

Na same shi a mota, idonsa ja. Ya ce, "Abokinka ya gaya mini. Mamnu'a ce, ba a shiga da ita. Ni na sa maka ita a aljihu, ni na kashe ka. Kai kuma don kunyata ka yi shiru duk kwanakin nan, kana cin abinci da ni."

Na ce, "Yaya, ba haka ba ne."

"Haka ne. Kada ka rufa mini asiri." Ya kama hannuna da hannu biyu. "Samihni, ya Nomau. Ka yafe mini."

Mutumin da ya girme ni da nisa, mai furfura a gemu. Na ce babu komai. Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ya ce ranar lajna tare za mu je. Zai gaya musu shi ya saya, shi ya sa aka cika ta, ni ban ma san abin da ke cikinta ba. Ya ce in sun so zai dafa Alƙur'ani.

Na tambayi Maman Lawali a waya me ya sa ya faɗa. Ya ce, "Rabi kawai na faɗa. Rabin da zai fisshe ka."

Laraba, 9 ga Nuwamba, bayan Azahar

Yaya ya je ya gaya wa Hajiya da kansa. Luba ta dawo daga can tana huci. Ta ce Hajiya ta wanke shi tas gaban matarsa da 'ya'yansa, ta ce tun yana yaro haka yake, sai ya tsoma hannu a abin da bai sani ba. Ta ce kada ya sake shigo mata ɗaki sai an gyara abin da ya ɓata. Shi kuma yana tsaye, kansa a ƙasa.

Luba ta zauna kusa da ni ta ce, "Shi ya sa ba ka cin abinci. Me ya hana ka gaya mini? Ni har na ɗauka iƙamarka ce ta samu matsala, za a yi maka tarhil, a kore ka ƙasarku." Ta yi kuka kaɗan, na jin sauƙi. Ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙuri irina ba.

Na tashi na shiga wanka. Na daɗe.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, da asuba

Kowa yana tausaya mini.

Asabar, 12 ga Nuwamba, bayan Magariba

'Yan lajna sun kira. Litinin da safe.

Maman Lawali ya ce in bar Yaya ya yi magana, ni in rufe bakina. Ya ce in sun yarda mantuwa ce, zama ɗaya kawai za su soke, in sake a zagaye mai zuwa, kamfani ma ba zai ji ba. Ya ce, "Ai ba ƙarya zai yi ba. Abin da ya sani zai faɗa."

Na ce, "Zai rantse."

Ya ce, "A kan abin da ya sani."

Na yi ta juya wannan maganar a motar ma'aikata har Hindawiyya. Tana da kyau in an faɗe ta da sauri.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, bayan La'asar

Yaya ya kai farar rigarsa wanki da guga saboda gobe. Ya bugo yana maimaita mini abin da zai faɗa, kamar yaro mai hadda. Ya ce in gyara masa inda ya yi kuskure. Ban gyara ba.

Litinin, 14 ga Nuwamba, bayan Isha

Mutum uku ne a bayan tebur, da muraƙib ɗin ranar a gefe. Baƙar hasibar tana gabansu cikin leda. Suka bar Yaya ya shigo a matsayin shaida.

Ya yi magana da Larabcinsa na 'yan Jidda, tsaf, ba gargada. Ya faɗi shagon, ya faɗi abin da ya ce wa mai shago, ya faɗi yadda ya tilasta mini ɗaukarta da safe. Ya ce shi jahili ne a wannan fanni, in akwai hukunci a kansa ya kamata ya sauka. Na ga fuskar babbansu ta yi laushi. Ya dubi muraƙib, muraƙib ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai a kunne ya gan ta, bai ga ana karantawa ba.

Babban ya ce wa Yaya, "Za ka iya rantsewa cewa bai taɓa buɗe ta ba, bai san abin da ke ciki ba?"

Yaya ya ɗaga hannun dama. Ya ce, "Wallahil azim..."

Na riƙe hannun. Da Hausa na faɗa, ban san ma Hausa ce ta fito ba. "Kada ka rantse, Yaya."

Ya juyo yana kallona.

Sai na juya wajensu na faɗi abin da ya faru, tun daga ranar da Luba ta kai Aissa rigakafi har bakin bayi. Bai ɗauki lokaci ba. Ba zan rubuta shi a nan ba, na faɗe shi sau ɗaya gaban mutum biyar, ya isa.

Sun soke zaman. Shekara biyu ba zan sake zama ba. Za su sanar da kamfani. Babban ya ce da na yi shiru da abin bai kai haka ba, ya faɗa yana tattara takardu, ban gane ko yabo ne ko zargi ba. Suka miƙo hasibar. Ban karɓa ba. Yaya ne ya karɓa.

A mota bai kunna rediyo ba. Mun wuce gada, mun wuce kasuwar kifi. Sai da ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce, yana kallon gaba, "Ranar da na kama hannunka ina roƙonka gafara, ka sani?"

Na ce na sani.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Amma ba ka bar ni na rantse ba." Ya shafa gemu. "Ban san wanne zan riƙe ba, ya Nomau. Ka ba ni lokaci. Yalla, sauka."

Na ce Luba fa.

"Ba daga bakina ba."

Talata, 15 ga Nuwamba, da asuba

Na gaya mata jiya bayan Aissa ta yi barci. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan cinya. Ba ta yi kuka ba.

Tambaya ɗaya ta yi. "Lokacin da nake zagin yayana a ɗakin nan, kana ji?"

Na ce ina ji.

Ta ɗauki filo ta koma wajen Aissa.

Talata, bayan La'asar

Kafili bai kira ni ba tukuna. Takardar ba ta iso ba, ko ta iso yana jira. Na yi aikina. Maman Lawali ya ce ni wawa ne, sannan ya raba mini burodinsa.

Laraba, 16 ga Nuwamba, kafin Magariba

Da na dawo aiki na tarar ta goge mini riga ta shimfiɗa a kan gado. Tun shekaranjiya sai yanzu ta yi mini magana.

Ta ce, "Jarrabawa tsakaninka da su ce, ka riga ka biya. Amma har yanzu Umma ba ta amsa sallamar Yaya. Kaya ne ya ɗauka ba nasa ba. Ka je ka sauke masa, a ɗakin da aka ɗora masa, gaban waɗanda suka ji."

Na ce har da matarsa da yaran?

"Har da su. Na bugo, suna can."

Na ce ban san ta inda zan fara ba. Ban taɓa haɗa ido da Hajiya ba tun da na auri 'yarta.

Ta ce, "Ba sai ka haɗa ido ba. Ka durƙusa inda ka saba, ka faɗa da ƙarfi yadda za ta ji, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai."

Na tambaye ta ko za ta zo. Ta ce za ta raka ni, amma ba za ta ce komai ba, kuma kada in waiwayo ina neman fuskarta.

Na sa rigar. Tana ɗaura wa Aissa takalmi. Ta ce in ajiye alƙalamin nan, mu tafi kafin a kira salla.